Ramin Da Ke Saman Gareji: Wa Ke Da Alhakin Toshe Shi?

Na san wasu za su ga kan maganar su ce, shi kuma wannan me ya kai shi gareji? Ku yi haƙuri ku bi ni a hankali. Abin da zan yi magana a kai bai fi faɗin tafin hannu ba, amma na ga yadda ya kusa kwantar da gida guda, kuma tun daga ranar ba na iya shiga garejin kowa ban ɗaga kai sama ba.

Yayana yana haya a wani gidan bene mai hawa ɗaya. Ƙasa gareji ne da ɓangaren mai gidan, sama kuma ɓangaren da aka ba su. Ɗakin yara shi ne daidai saman garejin. Cikin sanyin bara sai yaran suka fara tashi da ciwon kai da kasala, ƙaramar har da amai. Aka je kemis aka karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro, suka shanye, abu bai sauya ba. Aka ce to taifot ne, aka sake wani maganin. Matar yayan nawa ce ta fara lura da wani abu, ta ce da suka je biki ƙauye suka yi kwana biyar, ko mutum ɗaya bai ce kansa na ciwo ba, suna dawowa abin ya dawo.

Ana cikin haka na je na kwana a gidan, aka shimfiɗa mini a ɗakin yaran. Na tashi da asuba kaina kamar an ɗora mini dutse. Da gari ya waye na sauka gareji zan fito da babur ɗina, sai na ga janaretan gidan a kusurwa, an ɗaure shi da sarƙa. Mai gidan ya mayar da shi ciki ne tun da aka sace masa na farko a tsakar gida. Na ɗaga kai, sai ga bututun banɗaki mai inci 4 ya ratso rufin kankaren, kewaye da shi rami ne da hannuna zai shige, an cusa tsohon buhun siminti a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa har hasken banɗakin yara nake hangowa. Na kira Yaya na ce, "Yaya, zo ka ga inda ciwon kan yaranka yake fitowa." Ya daɗe a tsaye yana kallon ramin bai ce komai ba.

A ranar aka fitar da janaretan, aka gina masa keji a bayan gida. Kwana biyu bayan haka aka toshe ramin. Siminti da yashin da aka yi amfani da su ba su cika kwanon sha biyu ba. Daga nan ba a sake jin maganar ciwon kai ba.

Ra'ayina a kan wannan al'amari guda ɗaya ne. Ramin da ake bari kewaye da bututu a rufin gareji aikin gini ne da ba a gama ba, kuma bai kamata mai gida ya biya cikon kuɗin aiki ba sai an rufe shi. Wanda ya fasa, shi zai toshe. Idan muka ci gaba da ɗaukarsa a matsayin ɗan abin da za a gyara wata rana, to za mu ci gaba da sayen maganin zazzaɓi ga yaran da ba zazzaɓi ke damun su ba, wani lokacin ma abin ya wuce sayen magani.

Mu fara da yadda ramin yake samuwa, domin a nan matsalar take. A tsarin da ya dace, kafin a zuba kankaren dekin ana sanin inda kowane bututu zai bi, a ajiye masa hanya daidai girmansa. A yawancin gine-ginenmu kuwa sai an zuba dekin ya bushe sannan a nemo mai aikin famfo. Shi kuma ya zo da guduma ya fasa. Guduma ba ta san awo ba, bututun inci 4 sai a fasa masa ramin inci 7 ko 8. Ya zura bututunsa, ya gwada ruwa, ruwa ya wuce, ya karɓi kuɗinsa. In ka tambaye shi ramin fa, ya ce ai wannan aikin birkila ne. Birkila kuwa ya daɗe da komawa wani aikin. Mai wayarin ya zo ya ga hanya a buɗe, ya bi da nasa bututun ta nan. Mai saka na'urar sanyaya ɗaki ya huda nasa. Mai sola ya huda nasa, mai tauraron ɗan'adam ya huda nasa. Mai fenti ya zo ƙarshe ya shafa fentinsa har bakin ramin ya kewaye shi. Mutum shida ko bakwai sun ga ramin nan da idonsu, kowa yana ganin na wani ne.

Shi kuma mai gida ranar karɓar aiki me yake dubawa? Tayil ɗin falo, adon silin, launin ƙofa, fitilun ƙyale-ƙyale. Duk inda baƙo zai zauna an duba shi sau uku. Gareji kuwa ba a saukar da baƙo a ciki, saboda haka leƙawa ɗaya ake yi a ja ƙofa. Abin mamaki shi ne, in ka tattara duk abin da ke da haɗari a gida, a garejin nan za ka same shi: mota da tankinta, babur, janareta, jarkar fetur da aka ɓoye saboda tsoron layi, ragowar fenti, tsofaffin tayoyi, katifar da aka daina amfani da ita, batiran sola. Ɗakin da ya fi kowane haɗari shi ne ɗakin da aka fi yi wa aikin ganin dama, kuma a samansa muke kwantar da yara.

Kada wanda gidansa ba bene ba ne ya ce ba da shi ake ba. A gidajen ƙasa da gareji ke manne da ɗakuna, bangon da ya raba su yakan tsaya ne a daidai silin. Daga silin zuwa kwano fili ne guda ɗaya tun daga gareji har ɗakin kwana. Duk abin da ya shiga ta ramin silin gareji zai yi yawo a wannan filin, ya sauko ta ramin fanka ko na ƙwan fitila a ɗakin da ya samu. Haka nan gidajen da shago ke ƙasa, mutane na sama, musamman in mai shagon yana kunna inji a ciki. Duk maganar ɗaya ce.

Me ke bi ta ramin? Na farko, kuma mafi muni, ita ce iskar da ake kira kabon monoksaid. Duk injin da ke ƙona fetur ko gas yana fitar da ita, haka ma gawayi. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da kake ji a hayaƙin janareta na wasu abubuwa ne daban, kuma yana iya raguwa a hanya ita kuwa ta iso ɗaki lafiya lau. Idan aka shaƙe ta, tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Ma'ana jini yana zagayawa, amma abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya ya ragu. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da rikicewar tunani. Ku duba jerin nan da kyau, wane ne a cikinmu zai ji waɗannan bai ce zazzaɓi ba ne? Wanda ke barci kuwa ba ya ma samun damar jin alamar, barcin ne kawai zai yi nauyi. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ta fi saurin kayarwa.

Nauyin wannan iska kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, saboda haka tana gauraya da ita ta bi duk inda ta bi. Hayaƙin inji kuma da zafinsa yake fitowa, abu mai zafi sama yake yi, ya taru a ƙarƙashin rufi yana neman mafita. Ramin bututu shi ne mafitar. A lokacin hunturu abin ya fi tsanani, domin mun rufe tagogi ruf, mun toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda sanyi da ƙura. Iskar waje mun hana ta shiga, ta gareji kuwa mun bar mata ƙofa. In akwai fankar da ke zuƙe iska daga banɗaki ko kicin, ita ma tana taimakawa wajen janyo ta ƙasa zuwa sama. Duk wanda ke sauraron labarai a ƙasar nan ya sha jin an wayi gari an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki, janareta na kusa. Ko a Amurka, inda ake da dokokin gini masu tsauri, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa duk shekara sanadin shaƙar wannan iska bisa kuskure, ban da waɗanda gobara ta ritsa da su.

Na biyu shi ne gobara. Nan ne mutane suka fi ba ni amsa da cewa, ai dekin kankare ne, wuta ba ta cin kankare. Gaskiya ne, kankare yana iya tsare wuta na tsawon lokaci. Sai dai tulu mai huda ɗaya ba ya riƙe ruwa, komai kaurin jikinsa. Wuta da hayaƙi ba sa tsayawa kokawa da kankare, rami suke nema. Sannan bututun da muke amfani da su yanzu na robar PVC ne, wadda ke fara laushi tun zafi bai kai na tafasar ruwa ba. In wuta ta tashi a gareji, bututun zai narke ya zube, ya bar rami mai faɗin inci 4 ko fiye, kai tsaye zuwa banɗakin sama. Robar kuma in tana ƙonewa tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona maƙogwaro da huhu.

Waɗanda suka riga mu gina dogayen benaye da rayuka suka sayi wannan darasin. A ranar 21 ga Nuwamba 1980 wuta ta tashi a otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas a Amurka. A wani gidan cin abinci da ke ƙasa ta fara, sanadin matsalar wayar lantarki, kuma wutar kanta ba ta hau can sama ba. Duk da haka mutum 85 suka mutu, mafi yawansu a hawa na sama, nesa da harshen wuta. Hayaƙi ne ya bi ta matakala, ta ramin lif da sauran kafofin da ke ratsa ginin ya same su a ɗakunansu. A ranar 11 ga Afrilu 1996 kuma, a filin jirgin saman Dusseldorf da ke Jamus, tartsatsin walda ya faɗa ta wata tsaga ya kama abin da aka shimfiɗa a cikin silin. Wutar ta yi ta ci a ɓoye a saman kawunan mutane, mutum 17 suka rasa rayukansu. Garejin gidanku bai kai otal ko filin jirgi ba, amma hayaƙi bai san girman gini ba, hanyar da ya bi a can ita zai bi a nan.

Shi ya sa kundin dokar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke aiki da shi ya ware wa gareji sharuɗɗa na musamman. Ya hana a yi ƙofa daga gareji kai tsaye zuwa ɗakin kwana. Ya ce in akwai ɗakin zama a saman gareji, a rufe silin ɗin da allon jifsum mai jure wuta, mai kaurin kusan milimita 16. Ya ce duk inda bututu ko waya suka ratsa, a cike kewayensu da abin da zai hana wuta da hayaƙi wucewa. Ya kuma wajabta saka na'urar gargaɗin kabon monoksaid a gidan da gareji ke manne da shi. Mu ma a Najeriya muna da kundin dokar gini na ƙasa tun 2006. Amma ku gaya mini gaskiya, a unguwarku wane ne aka taɓa hana shiga sabon gidansa saboda rami a rufin gareji? Tunda babu mai zuwa ya duba mana, dubawar ta dawo kanmu.

Akwai na uku da na huɗu, ba zan daɗe a kansu ba. Ramin nan hanya biyu yake aiki. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a kicin ɗin sama ƙasa zai nema, ya sauka gareji inda ake tayar da mota. Sai kuma ɓeraye. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙaramin ɓera kuwa tsagar da fensir zai shiga ta ishe shi. Ɓera yana cin rigar wayar lantarki, wanda shi kansa sanadin gobara ne, kuma wani nau'in ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu.

To, in za a toshe, da me za a toshe? Nan ne ƙaramin sani yake zama ƙuƙumi. Abin da na fi gani shi ne buhun siminti, tsumma, leda, kwali ko soson katifa. Duk waɗannan makamashi ne, kuma iska na ratsa su. Na zamani kuma su sayo kumfar gwangwani, wadda ake fesawa ta kumbura ta bushe. Tana da kyau wajen tare iska da ƙura a jikin taga, amma irin ta gama-gari tana kamawa da wuta da sauri. Akwai labarin da duk mai koyon aikin gini ya kamata ya sani. A ranar 22 ga Maris 1975, a tashar lantarki ta nukiliya ta Browns Ferry da ke jihar Alabama a Amurka, ma'aikata suna toshe kafofin da wayoyi suka ratsa bango da irin wannan soso na kumfa. Domin su gane ko iska na wucewa, sai suka riƙa kara kyandir mai ci a bakin kafar. Iska ta zuƙi harshen kyandir ɗin zuwa ciki, soson ya kama, wuta ta bi wayoyi ta ratsa bangon. Ta yi kimanin awa 7 tana ci, ta lalata wayoyi fiye da 1,600, har da waɗanda ke sarrafa na'urorin sanyaya tukunyar nukiliya a lokacin gaggawa. Ba a rasa rai ba, amma abin ya girgiza ƙasar har aka sake dokokin kariyar gobara na irin waɗannan tashoshi. Mutanen nan toshe rami suke yi, niyyarsu mai kyau ce. Abin da suka toshe da shi da yadda suka gwada shi ne ya kusa jawo bala'i.

Saboda haka wajen neman ramin, kada a kusanto da kyandir, ashana ko turaren wuta, balle a ɗakin da ake ajiye fetur. Tocila ta wadatar. Ka rufe ƙofar gareji ya yi duhu, wani ya hau sama ya haska gindin kowane bututu, kai kana ƙasa kana kallo. Duk inda haske ya ɓullo, iska ma tana wucewa. Ko ka riƙe siririn yankin takarda mai laushi a wurin ka ga ko zai motsa. Ka bi bututun masai, na ruwan wanka, na ruwan sha, na wayoyin wuta, na na'urar sanyaya ɗaki, da kusurwar da bango ya haɗu da rufi. In ka ga alamar ruwa a jikin bututu, a fara gyara yoyon kafin a rufe, domin in ka binne yoyo a cikin kankare rodi ne zai yi tsatsa.

In dekin ne kuma ramin babba ne, a ciro duk tarkacen da aka cusa, a share ƙura, a jiƙa bakin ramin, a tokare katako ta ƙasa, a zuba kwaɓin siminti da yashi ta sama har ya cika kaurin dekin ɗin. Shafe baki kawai ba ya wadatarwa, zai tsage ya faɗo. Da yake bututu yana ɗan motsi saboda zafi da sanyi, siririyar tsaga takan fito tsakaninsa da simintin bayan ya bushe, sai a bi ta da man toshe kafa, irin wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana jure wuta. In ramin matsakaici ne, ana cusa audugar dutse, wadda ake yi da narkakken dutse kuma ba ta ci da wuta, a danna ta sosai, sannan a rufe fuskarta da wannan man. Ga babban bututun roba akwai wani ƙarfen zobe da ake ɗaura masa a ƙarƙashin rufi. A cikinsa akwai sinadarin da ke kumbura in ya ji zafin wuta, ya matse bututun da ya narke ya rufe ramin. Shi ne gyara na gaskiya. In bai samu ba, a kewaye bututun da ginin bulo ko allon jifsum mai jure wuta tun daga rufi har ƙasa. Siminti kaɗai zai tare iskar yau da kullum, amma ba zai hana roba narkewa ba, wannan kowa ya sani.

Wajen wayoyi, a kashe wuta daga babban makunni, a kira mai wayarin, kada a zuba jiƙaƙƙen siminti a kan waya tsirara. Bututun da ke ɗaukar zafi, kamar na hayaƙin inji, ba a kusanta masa kumfa ko roba ko katako, faifan ƙarfe da abin da ke jure zafi ake sa masa. In silin garejin na roba ne, irin mai sheƙin nan da ake yayi, ra'ayina shi ne a cire shi gaba ɗaya, domin shi zai fara narkewa ya ɗigo. In kuma tsohon silin asbestos ne, kada a yanka shi ko a huda shi a bushe, ƙurarsa na illa ga huhu. A gidan ƙasa kuwa, gyaran da ya fi kowanne shi ne a ɗaga bangon da ya raba gareji da ɗakuna har ya taɓa kwano.

Na san abin da wani zai ce: kuɗi. Ana fama da abin sawa a baki, kai kana maganar audugar dutse. Na yarda zoben ƙarfe da man nan mai jure wuta ba a kowane shagon kayan gini ake samun su ba, kuma ba su da araha. Amma mafi yawan ramukan da na gani siminti da yashi da rabin yinin birkila ne maganinsu na farko. Kuɗin bai kai na tayil ɗin banɗaki ɗaya ba, bai kai abin da yayana ya kashe a kemis ba. Mutumin da ya iya zuba dekin bai rasa kwano biyu na siminti ba, tunanin abin ne bai zo masa ba.

Wani kuma zai ce shi ɗan haya ne, gidan ba nasa ba. Wannan uzuri ne mai ƙarfi, domin ba kowane mai gida ke son a nuna masa aibin gininsa ba. Abin da Yaya ya yi shi ne, bai je da faɗa ba. Ya gaishe da dattijon ya ce, "Baba Alhaji, don Allah in ka samu sarari zo ka ga wani abu, jikokinka ne ke kwana a samansa." Da dattijon ya gani da idonsa, shi ya aika aka kira birkila. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ma mai gidan ya ƙi, huhun da ke shaƙar iskar naka ne da na 'ya'yanka, ka nemi izini ka gyara da kuɗinka, ko ka fara neman wani gidan.

Akwai ƙorafi guda da na fi ɗauka da muhimmanci, shi ne na wanda zai ce, in ka koya wa mutane toshe rami, za su ɗauka sun sami lasisin kunna janareta a gareji. Wannan tsoron gaskiya ne, shi ya sa zan faɗa da babbar murya: toshe rami ba ya mayar da gareji wurin kunna inji. Komai kyan toshiyar, akwai ƙofa, akwai matakala, akwai tsagar da ido bai gani ba, akwai kuma wanda zai shiga garejin ya kashe injin. Shawarar masana lafiya ita ce janareta ya kasance a waje, aƙalla taku 20 daga gida, wato kimanin mita 6, nesa da taga da ƙofa, bakin hayaƙinsa na kallon wani gefen. Ko ƙofar gareji a buɗe take ba a yarda a kunna shi a ciki ba. Haka ma ɗumama mota da safe, a fito da ita waje tukuna. Tsoron ɓarawo gaskiya ne, amma maganinsa kejin ƙarfe da kwaɗo a fili. Toshe ramin kariya ce ta biyu, saboda ranar da wani ya manta, ko yaro ya tayar da babur a ciki, ko wuta ta tashi cikin dare. Mai hali ya ƙara da na'urar gargaɗi mai batir, ya rataye ta kusa da ɗakin kwana.

In kuwa har ka tarar mutanen gida duk sun tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma suna samun sauƙi in sun fita, kada ka tsaya lissafin sauro. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofofi da tagogi, a kashe injin, a tafi asibiti, a gaya wa likita cewa an kwana kusa da janareta. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa fitar da wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya suma abu yana iya shaƙe shi. Oksijin ne maganinta. A iskar waje jiki kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin na asibiti kuwa lokacin yana raguwa zuwa kusan awa ɗaya da rabi.

Roƙona ga masu gini shi ne, ranar da kuke ciniki da mai aikin famfo ko mai wayarin, ku sa toshe ramin a cikin cinikin tun farko, a faɗa a gaban shaida, a riƙe wani abu daga kuɗin sai an gani an rufe. Ga masu sana'ar kuma, ku daina cewa aikin wani ne. Sunanka ake kira in an ce wa ya yi aikin gidan nan, kuma mai koyon da ke riƙe maka guduma yau, abin da ya ga kana yi shi zai yi shekara 30 masu zuwa.

Sauran mu da ba mu gina ba, ba ma fasa dekin, namu aikin minti biyar ne. Yau in ka koma gida, ko ka je gidan yaya ko na ƙanwa, ɗauki tocila ka shiga gareji ka ɗaga kai. In ka hango hasken ɗakin sama, ka tambayi wa ke kwana a wurin.

Wanda ya duba ya ga wani abu, ina so ya zo ya ba mu labari. Masu aikin gini da ke cikinmu kuma, in akwai inda na yi tuntuɓe ku gyara mini, da ma don a ƙaru da juna aka taru. Allah ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa.